Kanta Biyu, Littafi Ɗaya

Ranar Alhamis a Halifax ruwa ba ya sallama.
Ni ke rufe ɗakin karatu, don haka ni ke dafa shayi,
ni ke jera kujeru shida gefen na'urar ɗumama ɗaki
mai tari kamar tsohon da ya ƙi rabuwa da taba.

Yau zancen Hester Ollerenshaw ake.
Littafinta na shida ya ci kyauta a Landan,
bayan guda biyar da alƙalai suka wuce
kamar mai wuce ƙofar wanda ke bin sa bashi.

Dunstan, da ya shekara talatin yana jan bas zuwa Bradford,
ya daki tebur har cokula suka amsa:
"Sun fige mata fukafukai!
A na farko akwai kogin da ke gudu da sunayen mutane,
akwai macijin da ke karɓar haraji da mafarki.
Wannan fa? Mace a kicin tana tuna uwarta.
Aljani ɗaya tak, can shafi na ɗari uku,
shi ma kamar kunya yake ji."

Rukhsana daga asibiti take, ko takalmi ba ta sauya ba.
Ta ce, "Ni a kicin ɗin na yi kuka.
Ku riƙe macijinku."

Philippa ta gyara tabarau.
Wannan adabi ne, in ji ta, waɗancan kuwa nishaɗi.
Ta furta kalmar a hankali
kamar mai zare ƙayar kifi daga baki.

Kwabena, ɗan shekara goma sha shida,
bai cire hular rigarsa ba.
"Na uku ya fi duka," ya ce wa kofinsa.
"Lokacin tana koyarwa da rana, tana rubutu da dare.
Ina suke?"
A raina na ce: ihu bayan hari.

Ban sa baki ba. Ina can Funtuwa,
kan tabarmar Goggo Lantana,
wadda kura ke magana a bakinta,
kuka ke buɗe ciki ta ɓoye marayu.
Daren da aka binne ƙanena
ba ta yi mana wa'azi ba,
sai ta ba mu labarin yaron da ya bi tsuntsu
har ya manta hanyar gida,
tsuntsun kuma ya riƙe shi da kyau.
Ba wanda ya tambaye ta
wannan adabi ne ko nishaɗi.
Kyautarta goro biyu, wani lokaci ɗaya.

Ƙarfe takwas suka watse, ba a shirya ba.
Dunstan ya ara wa Philippa laima, yana ƙunƙuni.

Saura ni da kwamfuta, tana jiran amsa:
sama ko ƙasa?
Sama, kusa da taga, inda masu lambar zinariya ke hutawa,
bangonsu fes, ba wanda ya lanƙwasa musu kunne.
Ƙasa, kusa da ƙofar bayi,
inda dodanni da takubba ke cunkushe,
'yan uwansa biyar a can, duk sun sha hannu.

Na buɗe shi.
Tikitin bas a shafi na tamanin.
Zoben shayi a kan sunan babi.
Wani da fensir, ƙanana ƙanana, a gefen aljanin nan mai kunya:
"na san za ka zo."

Na duba jerin masu jira.
Mutum arba'in da ɗaya.
Kafin ya ga kanta, ko ta sama ko ta ƙasa,
sai bazara ta zo ta wuce.

Na bar gurbin ba amsa.
Na sa shi a kan keken turawa,
na liƙa sunan mai bi, wata Misis Adeyemi-Holt,
na kashe fitila.
A waje ruwan bai gama nasa zancen ba.