Lissafin Herminia

A ofishin 'yan kwana-kwana na Valparaíso
littafi ya ce gobara arba'in da ɗaya
a sanyin Yuli.
Herminia ta rufe shi, ta hau tudu da ƙafa.

Gidan Baldomero ya sha sabon fenti, bango ɗaya tak.
Risho ne ya kife, in ji shi,
jiƙaƙƙen bargo ya kashe magana.
Wa zai kira jiniya
mai gida ya ji, ya ba shi notis?

Ƙofa tara ta ƙwanƙwasa, bakwai na ƙauri.

Da dare ta ninka lissafin sau bakwai,
ta dubi labulen kicin ɗinta
da ta datse wa ƙonannen baki bara,

ta ƙara ɗaya.