Finjali Biyar a Maitama

Bayan la'asar, kafin motoci su cika ƙofa,
Oga Morita ya jera finjali biyar a kan tebur,
ƙanana, kowanne bai fi tafin jariri ba.
Ya ce, "Kachollom, kada ki kurɓa tukuna.
Hanci ne wa, harshe ƙane."

Na sunkuya.

Na farko daga firji ya fito, yana gumi kamar randa.
Ya kira sunan wani ɗan itacen garinsu.
Ban san shi ba.
Ni abin da na ji, ayaba ce da ta kwana biyu a buhu,
da kankana sabuwar yanka,
da tuffar Vom mai ɗan tsami
wadda muke cizo a bayan akori-kura
a hanyar Faringada.

Na biyu an ɗumama shi a kwalbar yumɓu mai siririn wuya.
Tururin tuwon shinkafa ne sak,
lokacin da aka ɗaga murfi,
har da ƙanzon gindin tukunya.

Na uku fari ne, gurɓatacce,
sai ka ce nono ya auri kunu.
Na huɗu ya tsufa, ya yi launin zuma,
yana warin mazarƙwaila da dabino,
can ƙasa kuma daddawa tana leƙe.
Na biyar ya kwana a gangar itace:
kasuwar Katako da safe, ana fafe sabon allo.

Sake sunansa, in ji shi, shinkafa ce da ruwa kawai.
Amma sai sun goge ƙwaya, sun goge,
sun zubar da rabinta,
zuciyar kaɗai suke so.
Sannan su yi kiwon fumfuna a ɗaki mai ɗumi
kamar yadda ake renon 'yan tsaki,
mutum ya tashi tsakar dare ya taɓa, ya ji ko ta yi zazzaɓi.

A nan hannuna ya tsaya.

Domin na san wadda take tashi tsakar dare.
Ngo Chundung, a Gyel, da fitilar ƙwai,
tana ɗaga jiƙaƙƙen buhu ta duba tsiron dawa,
tana sa yatsa a tukunya, ta lasa, ta yi shiru.
Ita ba ta zubar da rabin komai.
Dusar ma ta aladu ce.
Da burukutun nan aka saya mini takalmin makaranta,
ni kuwa sau uku nake wanke riga
don kada a ji warinsa a aji,
don kada a sake ce mini jikar mai giya.

Yanzu ga shi a kwalba mai rubutu kamar sawun kaza,
ɗaya ta fi albashina na wata,
kuma a ƙarƙashin ayaba, a ƙarƙashin zuma,
wannan tsamin ne dai,
numfashin hatsi sa'ad da ya fara zama wani abu.

"To, kurɓa," ya ce.

Ya shiga kamar ruwan dutsen Shere,
babu faɗa, babu ɗaci.
Zaƙi ya tsaya kaɗan a tsakiyar harshe,
ɗumi ya sauka ƙirji,
sai ya yanke, tsaf,
kamar baƙon da ya san lokacin tafiya.
Na kakata ba ya tafiya.
Yakan zauna, ya miƙe ƙafa, ya tambayi mutanen gida.

"Me kika ji?"
Ya riƙe biro, yana jira.

Na ce, "Tuffa, Oga. Da shinkafa."
Ya rubuta.

Sauran na bar shi a bakina.
Na ɗauki tire, na gyara ɗankwali,
tebur na shida sun ɗaga hannu.