Nauyin Ƙwarƙwaro

A Katako na same shi, cikin tarkacen Mijinyawa,
tsakanin fitilar mota da makullan da ba su da ƙofa:
injin fatsa, baƙi, da tsatsa a wuyansa.
Jikka huɗu ya yanka, muka rabu a uku da rabi.
Na ɗora shi a tafin hannu, ya zauna daram kamar ɗan dutsen niƙa.
Na ce, abu mai nauyi haka, ai nesa zai kai.

Shekara ashirin ina gyaran keken ɗinki,
na san ƙwarƙwaro ko a duhu, ko da kunne.
Amma na tela ƙafa ke ba shi umarni;
wannan, darma ke jansa, sai iska.

Ran Lahadi, bakin gulbi a Gamkalle,
majema sun shanya fatu, rana ta karkata,
na ɗaura darma mai nauyin ƙwayar dabino uku,
na ja da baya, na wurga.
Ƙwarƙwaron tagulla ya yi nawa
kamar sa da aka tasa daga inuwa.
Darma ta ja, ta ja, ƙarfinta ya ƙare a jan,
ta faɗa tsulum gaban masu wanki.
Sai a lokacin gogan ya farka.
Darma ta kwanta, shi yana ta gudu,
zare na fita babu mai karɓa,
ya hau kansa, ya sarƙe, ya kumbura,
kafin in ƙifta ido ina riƙe da sheƙar tsuntsu.

Tsoho Bonkano na bisa jirginsa yana ɗinkin birgi.
In ya yi dariya, a ciki ya yi ta.
Ya ce, "Miƙo."
Ya auna a hannu, ya kaɗa da yatsa,
ya kasa kunne har abin ya gaji don kansa.
"Mai wuyar tashi, mai wuyar tsayawa.
Jirgi mai lodin kabewa, mutum uku ke tura shi,
in ya kama ruwa, goma ba sa tare shi.
Ko ka ƙara darma ta fi ƙarfinsa,
ko ka rage masa teɓa.
Babban yatsan nan naka kuma, na ado ne?"

Dare biyu ina warware zare da allura.
Na uku na kunna fitilar shago,
na ɗaure tagullar a maƙata, na huda ta,
rami takwas a kewaye,
garin ƙarfe na zuba a cinyata kamar gero.
Na kai wa Zali mai awon yaji ta ɗora a sikeli:
ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Lahadi ta dawo.
Ban gama sakin hannu ba ya tashi da kuka siriri,
darma ta wuce masu wanki, ta wuce tsibirin ciyawa,
yatsana na shafar zare kamar mai jin zazzaɓin yaro,
tana taɓa ruwa, na danne.
Shiru. Zare miƙe, ko ƙulli ɗaya babu.
Kafaɗata ma ta yi mini godiya.

Karfasa biyu, kurungu ɗaya,
sannan, dab da kiran magariba,
wani abu ya ɗauka can ƙasa, bai yi sallama ba.
Giwan ruwa, in ji Bonkano, ya miƙe tsaye a jirgi.
Na naɗa, ya ja, na naɗa,
zare ya matse cikin ƙwarƙwaro,
gefen da na rarake ya buɗe baki a hankali,
ya cije jikin injin, ya ƙi juyawa.
Tas! Zare ya dawo mini a fuska.

Bonkano ya zauna, ya ɗauki birginsa.
"Rami nawa ka yi?"
Na ce takwas.
Ya daɗe yana kallon inda ruwa ke rufewa.
"Da biyar ka yi."

Gobe Litinin.
Mijinyawa ya ce akwai wani a ƙasan buhu,
bai san ko na tagulla ba ne.