Ɗamarar Hagu

Dusar ƙanƙara ta rufe Olomouc tun la'asar,
taragon ƙarshe ya wuce, ya girgiza mini kofin shayi.
Ni kuwa ina nan, tabarau biyu a kan hanci,
hantsaki a hannu, numfashi a riƙe,
na sunkuya kan kujerar da ba ta kai farcena ba.

Jirgin yaƙi ne na zamanin da,
an rage shi sau arba'in da takwas.
Wata huɗu ina gugarsa.
Fenti ya bushe, farfela tana juyawa in na hura.
Ɗamara kaɗai ta rage:
zirin dalma huɗu, sirara kamar gashin gira.

Takardar cikin kwali ta ce
a gicciya na kafaɗa a kan kujera,
a kwantar da na cinya, maɓalli a tsakiya,
tsaf, kamar gadon da ba a taɓa kwana a kai ba.
Vratislav, alƙalin gasarmu, shi ma haka ya ce.
Ya zo da hotuna bakwai cikin jaka,
ya baje su kan teburina, ya danna da yatsa:
"Duba nan. Ta bayan sandar ƙarfe suke zagayowa,
ba ta ramin jingina ba.
Kuma a ciki suke, Zbyněk. Duka huɗun."

Zancen sandar ya yi gaskiya, na gyara.
Sauran kuwa na yi shiru.

An ce gani ya kori ji.
To, hoto ya ga jirage bakwai,
bai ga wannan ba.
Wannan a bakin mai shi na ji.

Mahaifina, Ctibor, bakanike ne.
Bai taɓa tashi sama ba, ko sau ɗaya.
Aikinsa ya hau fiffike da asuba,
ya ɗaure wani ɗan mutum a kujera,
ya sauko.
Matuƙinsa Holoubek ake ce masa,
yaro mai shekara ashirin da biyu,
wanda ya faɗo daga bishiya yana ƙarami,
kafaɗar hagu ta ɗoru a karkace.
Ba ya iya miƙa hannu baya.
Bai gaya wa likitan soja ba, mahaifina kaɗai ya sani.
Saboda haka kullum, kafin ya iso,
sai a rataye ɗamarar hagu a waje,
tana lilo a gefen jirgi,
ya zura hannu kamar mai sa riga,
ba wanda ya lura.

Ja biyu, dukan kafaɗa ɗaya, shi ke nan sallama.
Ran wata Laraba ya ja, ya daka, ya sauko.
Ya tsaya a ciyawa har aka kunna fitilu.

Ban san fuskar Holoubek ba.
Na dai san duk hunturun ƙuruciyata,
in mahaifina zai ɗaure mini kwat a bakin ƙofa,
sai ya ja sau biyu, har in yi tari,
ya daki kafaɗata,
ya daɗe yana kallona ina tafiya makaranta.

Yanzu ɗigon gam a tsinin allura.
Hannuna yana rawa, shekaru ne.
Zirin farko ya tsinke. Na biyu ya faɗa ƙarƙashin tebur,
na neme shi da tocila, gwiwa a ƙasa, ina zagin kaina.
Na uku ya zauna.
Ya haye bakin ɗakin matuƙi,
ya sauko waje, ya ɗan murɗe a ƙarshe
yadda zane mai nauyi yake yi in iska ta taɓa shi.

Ran Asabar Vratislav zai sa madubinsa,
ya girgiza kai, ya zare mini maki uku.
Haƙƙinsa ne, littafi yana bayansa.

Na bar murfin gilashi a buɗe.
Kujera ba kowa.
Ɗamarar hagu tana waje,
don mai ita bai iso ba tukuna.