Kilo Uku da Rabi

Tsibirinmu Corvo ba ɗakin haihuwa.
Cikina na wata takwas aka ɗora ni a jirgi,
a Horta na sauka lafiya.
Komawa gida ce ta zama aiki.

Litinin iska ta ce a'a.
Laraba gajimare ya sauko ya kwanta a titin jirgi.
Mai tikiti har ta haddace sunanki, Benvinda,
tana yi miki wasa ta bayan gilashi,
ni kuma ta ɗaga mini kafaɗa:
sai Juma'a, in sama ta yarda.

Juma'a aka auna kaya:
buhun albasa, batirin kwalekwalen Adelino,
haƙoran roba na tsohuwa Ermelinda cikin ambulan,
akwatina.
Ke kilo uku da rabi,
ko rubutawa ba su yi ba.

Farfela biyu, kujeru na kyarma.
Ƙasa ruwa, gaba ruwa, ba ko kara.
Na rufe kunnenki da tafin hannu,
na sa miki nono a baki.

Can sai ga dutsenmu, kore shar,
ya naɗa gajimare a ka kamar gammo.
Titin ɗan guntu, teku na lasar bakinsa.
Taya ta taɓa, ta yi tsalle,
ta sake shawara, ta zauna.

Mai rigar ruwan nan da ke gudu wajen jirgi,
shi ne ubanki.
Dokar aiki ta ce kaya tukuna.
Ya sungumi buhun albasa,
idonsa na kan zanen da ke ƙirjina,
ya dire buhun a kan ƙafarsa.