Lamba Ɗaya

Daren Alhamis, Talata Mafara ta yi tsit,
sai janareton Jaɓɓi mai caji ke tari a bakin tasha.
Na ture keken ɗinki, na yago takarda,
na zuba suna goma ban ɗaga biro ba.
Lamba ɗaya ce ta tsaya mini a wuya
kamar ƙayar kifin Bakolori.

Mande.
Shekara goma sha huɗu yana tsakanin ƙarafan nan,
tun ragarmu igiyar rama ce, saƙar hannunmu.
Shi ya tare fenariti biyu a Gusau ran da ruwa ya tsinke,
muka dawo a bayan tifa, murya duk ta dushe,
kofi a cinyarsa kamar jariri ranar suna.

To amma wasa biyar, ƙwallo goma sha ɗaya.
Ta Maradun ta bi ta tsakanin ƙafafunsa
a hankali, kamar kaza za ta shiga zaure.
Ta Bakura kuwa yana kallonta:
ido ya tafi, gwiwa ta ƙi rakiya.
Ya tashi yana kakkaɓe wando, bai dubi kowa ba.

Hali mai faci ya ce, "Koci, tayar da ta sha faci tara,
na goma asarar gam ne."
Aka kwashe da dariya. Har da ni, Allah ya yafe mini.
Malam Tukur ya ce laifin 'yan baya ne,
wai ko ƙofar ƙarfe ce, in babu katanga, ado ce.
Alhaji Na'Allah da ke saya mana jesi bai ce uffan ba,
ya dai tambaya ko yaron nan Sahabi ya warke.
Na ji. Ba kurma ba ne ni.

Sahabi, shekara goma sha tara,
tsalle kamar ɗan akuya, hannu kamar an shafa danƙo.
Sai dai bai da baki.
In 'yan baya suka yi barci, da ido yake roƙonsu.
Kuma wa ya koya masa faɗuwa kafaɗa ba ta goce ba?
Mande, kullum bayan asuba, a yashin bayan firamare.
Safar hannun yaron ma tasa ce,
ni na ɗinke babban yatsan.

Gobe bayan la'asar Anka za su zo.
In na sa tsoho aka ci mu, garin nan ba zai bar shi ya sha shayi ba.
In na cire shi, da wane baki?
Ran da mahaifina ya rasu shi ya shiga ramin ya karɓe shi.
Hannun nan bai saki ba.

Sha ɗaya saura, na ji sallama.
Shi ne, da koriyar rigarsa a leda,
lambar bayan ta fara ɓanɓarewa.
Ya ce, "A rage min ita a kafaɗa. Inci biyu. Na rame."
Na dube shi. Mande bai rame ba,
tumbi ma ya ajiye tun ƙaramar salla.
Inci biyu kuwa, na san kafaɗar da ke da wannan awo,
ni na auna ta da watan azumi.

Bai zauna ba. Ya tambayi kuɗin aiki,
na ce ya bari, ya ajiye ɗari biyar a kan keke,
ya fita yana ɗan jan ƙafar hagu.

Na zura zare.
Na kama kafaɗar da ɗinkin wucin gadi,
irin wanda tsinke ɗaya ke warwarewa.
Janareton Jaɓɓi ya mutu.
Takardar na nan ƙarƙashin almakashi,
ban cike layin farko ba.