Tashar Cindo

Ba ta cikin kundin kowa.
Ka murɗa allura ta gota tashar gwamnati kaɗan,
daidai inda ake jin kamar ana suyar gyaɗa,
to nan take.

Cindo mai gyaran rediyo ya harhaɗa ta
da hanjin matattun akwatuna da batirin mota.
Eriyar, gora ce ya ɗaure a wuyan giginya.
Yatsu shida gare shi, kowanne da tabon dalma.

Bayan isha'i sai ya gyara murya:
tunkiyar Iya Tabawa mai tsagaggen kunne ba ta kwana gida ba;
riɗi ya faɗi a Gujungu, mai haƙuri ya dakata;
an yi rashi a unguwar masunta, jana'iza da hantsi.
Ƙauye bakwai take kaiwa,
takwas in iska ta yi kirki.

Daren da kogi ya ci jingar gabas
shi ya yi ta kiran gidaje da sunan masu su
har batiri ya mutu a bakinsa.
Mun fita da yara a wuya, buhu a ka.

Ran wata Laraba suka zo, mota biyu.
Babbansu yaro ne mai ladabi,
sai da ya tuɓe takalmi kafin ya shiga shagon.
Ya ce sararin nan a rabe yake kamar gonar gado,
kowa da kunyarsa, kowa da takarda.
Ya ce muryar Cindo na iya shiga kunnen matuƙin jirgi.
Muka ɗaga kai gaba ɗaya:
shamuwa biyu, sai gajimare.
Da ya faɗi kuɗin lasisi
Barau ya lissafa shi da shanu, shanun garin suka ƙare.

Ban ce ƙarya ya yi ba.
Doka ce, ya karanta mana ita sau biyu.
Suka sa tashar a buhun taki,
suka ba Cindo rasit.

Gorar tana nan, kurciya ta samu wurin zama.
Cindo ya koma cajin waya.
Ni kuwa hannuna bai daina murɗawa ba,
gyaɗar nan dai ake ta soyawa.

Makon jiya Malam Ilu na ƙetaren fadama ya rasu,
wanda muka yi karatun allo tare.
Sai ranar sadakar uku na ji,
a bakin mai sayar da manja.